Asarar Kamfanonin Jiragen Sama da Manufofin Gwamnati

Sufurin jiragen sama harka ce da kuɗi ke shiga da yawa amma riba ba ta cika zama ba. Ko a shekarar da kasuwa ta yi kyau, abin da ke rage wa kamfanoni bayan biyan komai bai cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin shigarsu ba. Shi ya sa ɗan girgiza kaɗan ke jefa su cikin asara.

Tushen matsalar shi ne kujerar jirgi ba ta ajiyuwa. Da zarar an rufe ƙofa, kujerar da ba kowa a kai ta tafi ke nan, alhali kuɗin mai da albashin matuƙa da kuɗin sauka a filin jirgi kusan ɗaya ne, ko jirgin ya cika ko rabi ya ɗauka. Kowace hanya tana da adadin fasinjojin da sai an kai shi kafin a mayar da uwar kuɗi. Don cike gurbi kamfanoni ke karya farashin tikiti, abokan gasa su bi sahu, a wayi gari jiragen sun cika maƙil amma aljihu babu komai.

Man jirgi kan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuɗin gudanarwa. Hayar jirage, kayan gyara, inshora da babban garambawul na injuna duk da dala ake biyansu. Kamfanin da ke sayar da tikiti da kuɗin ƙasarsa, idan darajar kuɗin ta faɗi, bashinsa ya kumbura ke nan ba tare da ya ƙaro ko jirgi ɗaya ba. Jirgin da aka ajiye ana jiran kayan gyara ma kuɗin hayarsa bai daina tafiya.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: Pan Am na Amurka ya durƙushe a 1991, Swissair na Switzerland da Sabena na Beljiyam a 2001. A 2020, lokacin annobar korona, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙiyasta asarar kamfanonin duniya da sama da dala biliyan 130.

Gwamnatoci na sa baki saboda jirgi na jawo ciniki, yawon buɗe ido da ayyukan yi. Hanya mafi saurin gani ita ce zuba kuɗin ceto. Jamus ta amince wa kamfanin jirginta Lufthansa da yuro biliyan 9 a 2020, Amurka kuma ta ware dala biliyan 25 a zagayen farko don biyan albashin ma'aikatan kamfanonin fasinja. Irin wannan kan yi amfani idan kamfanin lafiyarsa lau kafin bala'in. Inda cutar ta cikin gida ce, wato yawan ma'aikata, hanyoyin da aka buɗe don siyasa, da tarkacen jirage iri-iri masu tsadar kulawa, tallafi jinkirta mutuwa kawai yake yi. Alitalia ya sha ceto daga gwamnatin Italiya, amma ya rufe a Oktoban 2021. Indiya ta ɗauki nauyin Air India shekara da shekaru kafin ta miƙa shi ga kamfanin Tata a Janairun 2022. Japan Airlines, da ya shiga fatarar kuɗi a 2010, ya farfaɗo ne bayan rage ma'aikata da soke hanyoyin da ba riba. Mallakar gwamnati ita kaɗai ba laifi ba ce: Ethiopian Airlines na gwamnatin Habasha ne, amma an bar shi yana tafiya a matsayin kasuwanci.

Manufofin da ba su da armashi a idon jama'a su suka fi tasiri: rage harajin man jirgi, cire kuɗin fito a kan kayan gyara, sassauta kuɗaɗen filin jirgi, da barin kamfanonin waje su fitar da kuɗin tikitinsu. Yarjejeniyar Cape Town ta 2001 ta sauƙaƙa wa masu ba da haya karɓe jirginsu idan an kasa biya, don haka ƙasar da ke aiki da ita kamfanoninta kan samu haya da rahusa.

Sai buɗe kasuwa. Amurka ta sakar wa kamfanoni mara wajen farashi da zaɓen hanyoyi a 1978. Tikiti ya yi araha, fasinjoji suka ƙaru, raunana suka faɗi. A Afirka an cimma matsayar Yamoussoukro ta buɗe wa juna hanyoyin jirgi tsakanin ƙasashe a 1999, aka ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai-ɗaya a 2018, sai dai aiwatarwa na tafiyar hawainiya saboda ƙasashe na kare kamfanoninsu. Garuruwan da fasinjojinsu ba za su riƙe hanya ba kuwa, akan tallafa wa hanyar ce kai tsaye ta hanyar gasar kwangila, kamar shirin UDAN da Indiya ta ɓullo da shi a 2016, inda aka ƙayyade farashin wasu kujeru gwamnati ta cike giɓin.