Bincike da Kuɗin Jama'a: Me Ya Sa Sai An Biya Kafin a Karanta?

Duk ɗalibin digiri na biyu ko na uku a Kaduna ko Zariya ya san wannan takaici. Ya samo maƙalar da yake nema a intanet, ya karanta tsakurenta, da ya danna don ganin sauran sai a ce ya biya dala talatin ko arba'in. Ga tambayoyin da ɗalibai da ƙananan malamai suka fi yi kan wannan lamari.

Me ake nufi da buɗe bincike ga kowa?

Ana nufin sakamakon bincike ya kasance a intanet, kowa ya karanta, ya sauke, ya yi amfani da shi ba tare da biyan kuɗi ba, in dai zai ambaci mai shi. Masana kimiyyar lissafi da fiziks sun riga kowa, domin tun 1991 suke zuba rubuce-rubucensu a rumbun arXiv. Sanarwar Budapest ta 2002 ce ta ba tafiyar suna da manufa. Daga baya abin ya faɗaɗa, ya haɗa da ɗanyun bayanan da aka tattara da hanyoyin da aka bi wajen aikin, har ƙasashen UNESCO suka amince da shawarwari kan haka a watan Nuwamba 2021.

To wa ke karɓar kuɗin da ake biya? Marubucin?

Ko sisi ba ya samu. Nan ne abin mamakin yake. Gwamnati ko wata gidauniya ce ke biyan albashin malami da kuɗin bincikensa, a nan gida kuɗin binciken sau da yawa ta hannun TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, yake fitowa. Ya gama, ya miƙa wa mujalla kyauta, galibi har da sa hannu cewa ya sallama haƙƙin mallaka. Masanan da ake tura wa maƙalar su tace ta, su ma ba a biyansu. Daga nan kamfanin ɗab'i ya juyo ya sayar wa laburaren jami'o'i, ciki har da jami'ar da aka yi aikin. Kamar ka noma gonarka, ka sussuka, ka kai buhunan kyauta, sannan ka koma kana sayen tiya. Babban kamfanin wannan harka, Elsevier, ya daɗe yana cin ribar da ta haura kashi 30 cikin ɗari.

Ba a ce kamfanonin ba sa taɓuka komai ba. Suna tsara rubutu, suna kula da shafuka, suna adanawa. Amma farashin ya yi wa aikin yawa, har manyan jami'o'in Amurka da Jamus sun sha janye rajistarsu saboda tsada. In masu dala suna kuka, ina ga laburaren da kasafinsa na naira ne?

Tunda yanzu mujallu da yawa sun buɗe, ai an huta ke nan?

Mai karatu ya huta, marubuci ya shiga uku. Yawancin manyan kamfanoni ba su yafe kuɗin ba, sun dai ɗauke shi daga kan mai karatu sun ɗora wa mai rubutu. Lokacin da mujallar Nature ta buɗe wannan hanya a 2021, ta sa yuro 9,500 kan maƙala ɗaya. Malami a Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya lissafa wannan da naira, ya kwatanta da albashinsa na shekara. A Turai masu ba da tallafi ne ke biya, musamman tun da suka fito da tsarin Plan S a 2018, wanda ya wajabta buɗe duk binciken da suka ɗauki nauyinsa. Mu kuwa daga aljihu ne.

A ganina wannan ne babban aibin tafiyar. Mun samu damar karanta abin da wasu suka rubuta, amma an ƙara mana wahalar shigar da namu. Wasu mujallu suna yafe kuɗin ko su rage wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sai dai ba sa tallata hakan, don haka a tambaya tun kafin a tura maƙala.

Akwai hanyar da mutum zai buɗe aikinsa ba tare da ya biya ba?

Akwai, kuma ita aka fi sakaci da ita. Mujallu da dama suna barin marubuci ya ajiye kwafin da aka amince da shi, wanda ba a kai ga yi masa adon kamfani ba, a rumbun jami'arsa, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan wata shida ko shekara. Jami'ar Ahmadu Bello tana da irin wannan rumbu mai suna Kubanni, inda ake samun kundayen digiri. Wanda makarantarsa ba ta da rumbu, ga Zenodo da cibiyar CERN ke kula da shi tun 2013, ga AfricArXiv da aka buɗe a 2018 domin masu bincike na Afirka. Duk kyauta ne.

Sannan a cikin DOAJ, jerin mujallun da aka tantance wanda ya faro a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, akwai dubban mujallu da ba sa karɓar komai daga marubuci ko mai karatu. Dandalin AJOL kuma, tun 1998 yake tattara mujallun Afirka, har da Science World Journal ta Jami'ar Jihar Kaduna.

Yaya zan gane mujallar bogi?

Wadda ta turo maka saƙon yabo ba ka santa ba, ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda, ta haɗa likitanci da adabi da injiniya a fitowa ɗaya, ka yi nesa da ita. Tacewa ta gaskiya tana ɗaukar makonni ko watanni, kuma da wuya maƙala ta dawo ba gyara. A duba ko tana cikin DOAJ, a kuma duba ko editocin da ta lissafa sun san da zamanta.

Laifin ba na ƙananan malamai kaɗai ba ne. Muddin kwamitin ƙarin girma yana ƙirga yawan maƙalu ba tare da ya karanta ko ɗaya ba, masu wannan kasuwa ba za su rasa ciniki ba.

Idan na saki bayanan da na sha wuya na tattara, wani ba zai riga ni cin moriyarsu ba?

Tsoron yana da tushe. Masu bincike a Afirka sun daɗe suna kokawa cewa su ke shiga ƙauyuka su ɗebo jini da alƙaluma, wasu masu manyan kwamfutoci a waje su yi nazari su buga, sunan na gida ya ƙare a layin godiya. Amma ɓoyewa ba ta magance wannan. Bayanan da ke cikin kwamfutar mutum ɗaya suna tafiya ranar da ta lalace ko aka sace ta. Wanda ya ajiye nasa a rumbu irin Zenodo yana samun lamba ta dindindin da kwanan wata, shaidar cewa shi ya fara, kuma yana iya kulle su zuwa lokacin da zai gama bugawa.

Amfanin sakin kuwa an gan shi a zamanin korona. A watan Janairu 2020 aka saki taswirar halittar ƙwayar cutar a intanet daga Sin, nan da nan ɗakunan gwaji a duniya suka fara haɗa kayan gwaji da rigakafi. A watan Maris na shekarar, cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta ACEGID da ke Ede a Jihar Osun ta fitar da irin wannan taswira ta farko a Afirka.

Sai dai ba komai ake saki ba. Bayanan marasa lafiya amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan mai bincike. Goge suna kaɗai bai isa ba. In ka rubuta ƙauye, da shekaru, da sana'a, da cutar da ke damun mutum, a ƙaramin gari kowa zai gane wa ake nufi. Tun a takardar neman izini ya kamata a gaya wa mutane, da harshen da suke ji, cewa wasu masu bincike za su iya ganin bayanan.

Sci-Hub fa, shafin intanet da ke raba maƙalun kuɗi kyauta ba da izinin kamfanonin ɗab'i ba?

Ba ya bisa doka. A 2017 wata kotu a New York ta ci shi tarar dala miliyan 15. Marubucin maƙala kuwa, in ka aika masa saƙo cikin ladabi, galibi da murna zai turo maka kwafi.

Me wannan zai ƙara wa manomi a Giwa ko ungozoma a Kachia?

Kai tsaye, kaɗan ne. Maƙalar da aka buɗe tana nan da Turancinta mai kauri. Amma malamin gona, da ma'aikaciyar jinya, da ɗan jaridar da ke shirya shirin rediyo da Hausa, su suna iya karantawa su isar. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da ire-iren masara da dawa da wake, cibiyar NITR da ke Kaduna ta daɗe tana aiki kan sammore, kuma aikin NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma, ne kai irin wannan sakamako gare su. Abin da jami'o'inmu za su iya yi ba tare da jiran kowa ba shi ne su wajabta ajiye kowane kundin digiri a rumbu, tare da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa ko harshen mutanen da aka yi binciken a kansu.