Fashin baƙi: me ya sa takardun kwamfuta ke da ƙa'idar duniya har guda biyu?

Duk takardar da aka buga a kwamfuta tana da 'yan haruffa a ƙarshen sunanta, kamar .docx da .xlsx, ko .odt da .ods. Su ke nuna tsarin da aka bi wajen ajiye rubutu, teburi, lambar shafi da lissafin da ke ciki. Tsari biyu ne ke gogayya a nan, kuma dukkansu hukumar ISO da ke Jeneva, mai tsara ƙa'idojin ingancin kayayyaki na duniya, ta sa musu hannu.

Na farko shi ne ODF. Ƙungiyar OASIS mai tsara ƙa'idojin kwamfuta ta fitar da shi a 2005, ISO ta karɓe shi a 2006 da lamba 26300. Ba na wani kamfani ba ne, duk mai haɗa manhaja na iya binsa kyauta, kuma shi manhajar ofis ta LibreOffice take ajiye takardu da shi.

Na biyu, OOXML, ya fito ne daga Microsoft; shi ne docx ɗin da muka saba. An shigar da shi ISO ta hanyar gaggawa alhali kundin bayaninsa ya kai shafi 6,000. A ƙuri'ar Satumbar 2007 bai samu rinjayen da ake buƙata ba. Sai da aka yi zama a Fabrairun 2008, sannan aka amince da shi a Afrilu da lamba 29500. Afirka ta Kudu, Birazil, Indiya da Benezuwela suka ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. Kukan masu adawa shi ne, ba a yin kwanon awo iri biyu a kasuwa ɗaya a ce ba za a yi gardama ba.

Akwai kuma wani rufin a ciki. OOXML ɗin kansa kashi biyu ne: Strict, wato tsantsar ƙa'idar, da Transitional, wanda ke ɗauke da tarkacen tsofaffin manhajojin Office. Idan ka danna ajiyewa a Word ba ka canza komai ba, Transitional ɗin kake samu. Shi ya sa ɗalibi a Gusau zai tsara furojet ɗinsa tsaf a waya, ya kai shagon buga takardu, mai shago ya buɗe ya ce, "Malam, teburinka ya watse, kan babi ya koma ƙasan shafi." Wani lokacin rashin salon haruffa ne ya jawo, amma sau da yawa manhajojin biyu ne kowacce ta karanta takardar da tata fahimtar.

Ƙa'idar ISO ba doka ba ce. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ce ke wakiltar Najeriya a can, amma ƙa'ida ba ta zama tilas sai gwamnati ta ɗora ta a kan ofisoshinta. Birtaniya ta yi haka a 2014: takardar da za a gyara ko a cike, ODF, wadda karantawa kawai za a yi, PDF/A (nau'in PDF na ajiyar dogon lokaci) ko shafin intanet.

Ni abin da ya fi damuna shi ne takardun jama'a. Bayanan filaye, jerin albashi da fanshon malaman makaranta a Talata Mafara ko Ƙaura Namoda abubuwa ne da za a nema bayan shekara 30. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma. Bai kamata sai ya sayi lasisin wani kamfani kafin ya ga abin da aka ba shi daidai ba. Ya dace gwamnatin Zamfara ta rubuta wa ma'aikatunta da ƙananan hukumomi 14 tsarin da za su riƙa ajiye takardu da shi, a sa shi cikin sharuɗɗan kwangilar sayen kwamfutoci.

Kafin nan, sakatare ko mai shago na iya farawa da kansa. Word ma tana ajiye .odt idan ka zaɓa a wurin Save As. Takardar da aka gama, a mayar da ita PDF kafin a tura. Wadda za a ci gaba da gyarawa, a tambayi mai karɓa manhajar da ke kwamfutarsa.