Ciwon damuwa: mai dariya ma yana iya ɗauke da shi

Kwanan nan duk tashar da ka kama sai ka ji "ciwon damuwa". Ɗan takara ya sha kaye, a ce ciwon damuwa ya kama shi. Ƙungiyar ƙwallo ta kwashi kashinta a hannu, magoya baya su cika Facebook da kukan "dipireshan". Wannan ɓacin rai ne, kwana biyu ya wuce. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne siffar da masu shirye-shirye ke ba mai ciwon: wai wanda ya kulle kansa a ɗaki, ba wanka, ba magana, sai hawaye. Akwai irinsa, gaskiya ne. Amma idan shi kaɗai muka sani, sauran sun ɓace mana ke nan.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba da fuska suke aunawa ba. Kundin ƙungiyarsu ta Amurka, bugu na biyar da ya fito a 2013, ya jera alamomi tara. Idan biyar suka haɗu kusan kullum har mako biyu, kuma a cikinsu akwai ƙuncin zuciya ko gushewar sha'awar abin da mutum ya saba so, to ciwo ne. Sauran sun haɗa da lalacewar barci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. Babu inda aka ce sai ya daina dariya.

Ɗauki mutumin nan da ke rigan kowa zuwa wurin aiki. Shi ne mai barkwanci, shi ake kai wa ƙara idan an saɓa, aikinsa ba ya kwana. Ba wanda ya san ƙarfe uku na dare idonsa biyu, yana lissafa laifuffukan da bai yi ba. Idan an tashi aiki sai ya tsaya a ƙofar gida ya daɗe, yana tattaro ƙarfin da zai yi wa iyalinsa fara'a. Saƙonnin abokai yana gani, yana cewa gobe zai amsa. Ƙwallon da a da ba ya bari ta wuce shi, yanzu ko an ci ko ba a ci ba, duk ɗaya. Ka tambaye shi, ya ce maka "lafiya lau", kuma ya faɗe ta da kyau, don ya ƙware. Turawa na ce wa wannan "damuwa mai murmushi", kodayake ba sunan cuta ba ne a kundin likitoci, laƙabi ne kawai.

A ganina wannan ya fi mai kuka shiga haɗari. Ba mai tambayarsa, shi ma yana ce wa kansa, "Ni da nake zuwa aiki, me zan gaya wa likita?" Ranar da ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, sai a ce, "Kai? Me ka rasa?" ko a jefe shi da rashin tawakkali, maganar da ba mai yi wa mai ciwon sukari. Daga nan ya ja bakinsa ya yi gum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 280 ke fama da ciwon, kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, sama da kashi 75 cikin 100 ba sa samun magani.

Alhali yana jin magani. Likita kan fara da tambayoyi, wani lokaci da gwajin jini, don ƙarancin jini ma kan kawo irin wannan kasala. Daga nan sai zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, ko ƙwayoyi, ko duka biyun. Ƙwayoyin kan ɗauki makonni kafin su nuna aiki, kuma ba a yanke shansu kwatsam. Motsa jiki da tsayar da lokacin barci na taimakawa, amma ba su maye gurbin likita ba.

Idan kana zargin wani naka na ciki, kada ka tsaya a gaisuwa. Ku keɓe, ka ce, "Na ga ka canza, yaya barcinka?" sannan ka yi shiru ka saurara. Tambayar ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, don haka ka yi ta kai tsaye. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.