Raunukan Haɗarin Hanya a Likitancin Shari'a

Raunin haɗarin hanya shi ne duk raunin da mutum ya samu, ko ya yi ajalinsa ko bai yi ba, sakamakon karo ko kifewa ko faɗowa a kan hanyar da jama'a ke bi, muddin akwai aƙalla abin hawa ɗaya da ke tafiya a lokacin. Likitancin shari'a kuwa reshe ne na aikin likita da ke amsa tambayoyin kotu da 'yan sanda. Likitan asibiti yana duba rauni don ya yi magani. Likitan shari'a yana duba shi don ya gano abin da ya bugi mutum, daga wane ɓangare, yana tsaye ko yana kwance, da ransa ko ya riga ya cika. Sau da yawa wanda aka buge ba ya nan balle ya faɗi nasa, sai jikinsa ya yi masa shaida.

Iyakar ma'anar

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka shi ne kwana 30: wanda ya mutu nan take, ko cikin kwana 30 saboda raunin, an lissafa shi cikin mamatan hanya. An sa wannan wa'adi ne domin da yawa ba a kan kwalta suke cikawa ba. Mutum ya karye a cinya, ya kwanta mako biyu, gudan jini ya tashi daga jijiyar ƙafa ya toshe masa huhu. Dangi za su ce ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, alhali asalin abin motar ce. Amma kwana 30 na masu ƙididdiga ne. A gaban alƙali, ko bayan wata uku mutum ya rasu, idan likita ya nuna igiyar da ta haɗa mutuwar da bugun ba ta tsinke ba, haɗarin ne sanadi.

Kundin rarraba cututtuka na duniya, ICD-10, ya kasa waɗanda abin ya shafa gwargwadon matsayinsu: V01 zuwa V09 mai tafiya a ƙasa, V10 zuwa V19 mai keke, V20 zuwa V29 mai babur, V30 zuwa V39 wanda ke cikin mai ƙafa uku irin A Daidaita Sahu, V40 zuwa V49 wanda ke cikin ƙaramar mota. Ya kuma raba abin da ya faru a hanya da wanda ya faru a wajenta. Uban da ya ja mota da baya a tsakar gida ya taka ɗansa, haɗarin mota ne, amma bai shiga lissafin hanya ba. Akwai kuma abin da ke tsaye a kan iyaka. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, wuta ta tashi bayan jama'a sun taru, fiye da mutum 150 suka rasu. Ko a sa su cikin mamatan hanya ko na gobara, ya danganta da ma'anar da mai lissafi ya riƙa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su ji rauni. Haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta fi kowane yanki asara. Kai irin wannan mutuwa gaban mai bincike ba sabon abu ba ne: lokacin da mota ta buge wata mata mai suna Bridget Driscoll a Crystal Palace ta Landan ranar 17 ga Agusta 1896, an yi zaman binciken mutuwarta, aka yanke cewa tsautsayi ne.

Mai tafiya a ƙasa

Nan ne aikin ya fi zurfi. Likitoci kan kasa raunin gida uku bisa yadda ya biyo juna: bugun farko inda mota ta fara taɓa jiki, bugu na biyu lokacin da jikin ya faɗa kan bonet ko gilashin gaba, sai na uku da ya sauka ƙasa.

Bugun farko na ƙaramar mota a ƙafa yake samun babba, galibi a ƙwauri, domin bamba tana kimanin santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa. Shi ya sa likita ke ɗaukar awo daga diddige zuwa wurin raunin, sannan a je a auna bambar motar da ake zargi. Idan raunin ya yi ƙasa da tsayin bambar, alama ce direba ya taka birki, don gaban mota yana dukawa idan aka taka. Idan ya yi sama sosai, a cinya ko ƙugu, sai a fara tunanin babbar mota. Wani lokaci fata lafiya lau take a ido, sai an tsaga naman sha-raɓa a tarar da jini ya kwanta a ciki.

Karayar kanta tana magana. A 1880 likitan Jamus Otto Messerer ya bayyana yadda dogon ƙashi ke karyewa idan aka buge shi daga gefe: wani ɓalli mai kusurwa uku yakan fita, faɗinsa a ɓangaren da bugu ya zo, tsininsa yana nuna inda ƙarfin ya nufa. Da wannan ake gane ko daga baya aka bugi mutum, ko yana tsallakawa ne daga dama ko hagu. Direba ya ce mutumin ne ya faɗo masa ta gefe, ƙashi kuma ya nuna daga baya aka same shi yana tafiyarsa a bakin titi. Sai dai ƙwararru ba sa dogara da wannan alama ita kaɗai, domin wani sa'in ɓallin yakan fita a juye.

Babban mutum, da yake an buge shi ƙasa da tsakiyar nauyinsa, sama motar ke kwasarsa, kansa ya daki gilashi, kuma wannan bugun kan ne ya fi kisa. Yaro kuwa gajere ne, bamba a cinya ko ciki take samunsa, sai ta wurga shi gaba, motar ta iya bi ta kansa. Haka tirela ko bas mai miƙaƙƙen gaba ke yi wa babba. Wanda taya ta taka, zanen tayar yakan fito a fata ko a riga, kuma juyawarta kan saɓule fata daga nama kamar an cire safa. Ƙujewar da ta yi layi-layi, da tsakuwa a ciki, tana nuna an ja jikin a kan kwalta.

Wa ke tuƙi?

Idan mota ta kife da mutum biyu, ɗaya ya rasu, mai rai yakan ce mamacin ne ke riƙe da sitiyari. Jiki yana iya gaskata shi ko ya ƙaryata shi. A Najeriya, da ta koma bin hannun dama a 1972, da kuma Nijar, sitiyari a hagu yake. Saboda haka shatin bel ɗin direba daga kafaɗar hagu yake gangarowa zuwa ƙugun dama, na wanda ke gefensa kuma akasin haka. Gilashin ƙofa idan ya fashe ƙanana-ƙanana yake zuba, ya bar 'yan ƙananan raunuka a fuska: direba a kuncin hagu, fasinjan gaba a na dama. Sitiyari kan bar da'ira a ƙirji tare da karayar haƙarƙari, gwiwa ta daki gaban mota ƙashin cinya ya goce daga ƙugu ta baya, tafin takalmi kuma wani lokaci ya ɗauki zanen birki ko totur. Tsayawar mota farat ɗaya tana iya tsinka babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya, ko da ƙirjin bai nuna komai a waje ba.

Mai babur ba shi da abin da ya kare shi. Rauninsa na kisa a kai yake, har akwai karayar da ke ratsa gindin ƙoƙon kai daga kunne zuwa kunne wadda aka fi gani a jikin masu babur. Hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida.

Abin da ya riga haɗarin

Ba duk gawar da aka tsinta a kan titi ce mota ta kashe ba. Akan kashe mutum a wani wuri a yar da shi a hanya don mota ta taka. Raunin da aka yi wa mai rai yana zub da jini cikin nama, kuma kitsen ɓargo daga karaya kan bi jini ya isa huhu, abin da ba ya yiwuwa sai zuciya na bugawa. Raunin bayan mutuwa busasshe ne, launinsa ruwan ɗorawa. Haka nan akan duba ko zuciyar direba ce ta tsaya kafin motar ta kauce. Don gwajin barasa da ƙwayoyi irin su tiramadol, daga jijiyar cinya ake ɗibar jini, a haɗa da ruwan cikin ƙwayar ido, domin gawa idan ta fara ruɓewa tana iya haifar da barasa da kanta.

A ƙasar Hausa

A Najeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da 'yan sanda ne ke rubuta abin da ya faru a hanya, alƙalan majistare kuma ke da ikon ba da umarnin binciken gawa. A Arewa ba kasafai ake kaiwa nan ba. Musulunci ya kwaɗaitar da gaggauta sutura, dangi ba sa son a taɓa mamacinsu da wuƙa, likitocin wannan fanni kuma 'yan kaɗan ne. Ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma yarda da ƙaddara ba ta hana marayu haƙƙinsu na diyya ko inshora, wanda ba ya tabbata sai da hujja. A Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan an ɓullo da binciken gawa ta na'urar hoton CT, wadda ke nuna karaya da taruwar jini ba tare da yanka ba. Ko inda babu na'urar, akwai abin da ake iya yi cikin ƙasa da awa ɗaya kafin wanka: a auna kowane rauni daga diddige, a ɗauki hotonsa da rular awo a gefe, a ajiye riga da takalmi yadda suke, domin ɓurɓushin fenti da gilashin da suka maƙale a jikinsu ana iya gwada su da motar da ta gudu.