Kafin ka tura kuɗin fili a bakin teku a Elmina, ga abin da dokar Ghana ta ce

Tun daga 2019 da Ghana ta yi shekarar nan ta gayyatar baƙaƙen fatan Amurka su dawo ganin gida, garin Elmina ya ƙara cika da baƙi, kowa na son ganin tsohon ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482 inda aka riƙa tsare bayi, ga kuma sabuwar tashar masunta da aka buɗe a 2023. Shi ya sa dillalai ke ta zuga mutanenmu wai ka sayi fili kusa da ruwa ka gina masauki. Toh ba a hana ba, amma kalmar "saya" ɗin nan ita ce matsalar.

Sashe na 266 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce wanda ba ɗan ƙasa ba ba zai mallaki ƙasa mallaka ta har abada ba, haya kawai, kuma kar ta wuce shekara 50 a lokaci ɗaya. Dokar filaye ta 2020, wato Act 1036, ta sake nanata hakan. Kaga Bahaushen zangon Kumasi ko Nima da yake ɗan Ghana wannan iyakar ba ta shafe shi ba, amma kai da ka taso daga Kano ko Maraɗi baƙo ne kai, fasfo ɗin ECOWAS shiga ƙasa yake ba ka ba mallakar ƙasa ba. In kuma ka ce bari in buɗe kamfani a can in saya da sunansa, dokar ta riga ka, duk kamfanin da baƙi ke da sama da kashi 40 cikin ɗari na hannun jarinsa to shi ma baƙo ne.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne sabuntawa. Baƙo ba a sabunta masa hayar kai tsaye sai in an rubuta hakan ƙarara a cikin indenca, wato takardar yarjejeniyar hayar, in ba haka ba ranar da shekarun suka cika filin ya koma hannun masu shi, otal ɗinka na tsaye a kai, 'ya'yanka su shiga roƙo. Ni a ganina wannan layin guda ya fi ragin da kake ta ciniki a kai muhimmanci.

Sai kuma wa ke sayar maka. Mafi yawan filayen Ghana ba na gwamnati ba ne, na kujerar sarauta ne ko na dangi, kuma ko ɗan ƙasa ba a ba shi mallakar har abada a irin wannan filin yanzu. Kuɗin da ake ba sarki da farko, wanda su ke ce wa kuɗin abin sha mu kuma za mu ce goro, ba shi ne ƙarshe ba, akwai kuɗin haya na shekara-shekara da ofishin kula da filayen sarauta ke karɓa, ofishin ya cire kashi 10, abin da ya rage a raba, 55 ƙaramar hukuma, 25 kujerar sarauta, 20 majalisar gargajiya. In filin dangi ne kuma wani saurayi shi kaɗai ya sa hannu ba shugaban dangi da dattawa ba, wallahi rigima ka saya. Ka je Lands Commission, wato hukumar filaye ta Ghana, a yi maka bincike kafin ka saki ko sidi ɗaya, don sayar da fili ɗaya wa mutum biyu ba sabon abu ba ne, kuma kar ka yarda a ce ka ɗauki ƙarti su tsare maka wurin, dokar 2020 ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 15 a kan haka.

Izinin gini na ƙaramar hukuma ne, lasin masauki na hukumar yawon buɗe ido. Wannan mai sauƙi ne.

Mai wuyar shi ne bakin ruwan kansa. Elmina garin masunta ne kafin ya zama garin 'yan yawon buɗe ido, a yashin nan ake jan kwale-kwale a shanya koma, mata na banda kifi hayaƙi na tashi tun asuba, ranar Talata ba a shiga teku, kuma akwai sarkin masunta da maganarsa ke da nauyi a wurin ko da sunansa bai fito a takardarka ba. In dillali ya nuna maka yashin ya ce har can naka ne, sa sufeto mai lasin ya auna a gabanka ka ga inda turakun suka tsaya, sannan ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake shekara goma baya, don teku na cin gaɓar nan har gwamnati na jibge duwatsu don tare shi.