Mota mai caji

Mota mai caji abin hawa ce da ke tafiya da wutar lantarkin da aka tara a batir, ana kuma cika batirin ta hanyar jona shi da wuta daga waje, ko a soket na gida, ko a sola, ko a tashar caji. Iri biyu ce. Akwai wadda ba ta da injin fetur kwata-kwata: babu tanki, babu salansa, babu fulogi, ba a kuma yi mata juyen baƙin mai. Akwai kuma mai haɗa biyu, wadda ke yin kilomita 30 zuwa 80 da batir, in ya yi ƙasa injin fetur ya karɓa. Motar da ke da ƙaramin batir amma ba ta da wurin jona waya, kamar yawancin Toyota Prius da ake shigowa da su na hannu, ba ta cikin wannan rukuni, ko da yake dillalai kan haɗa su wuri ɗaya. Babura da keke Napep masu caji suna ciki.

Asali

Motar lantarki ta girmi yawancin abin da ake gani a titi yau. Gaston Planté ɗan Faransa ya ƙirƙiro batirin dalma da ake iya sake yi wa caji a 1859, kuma a 1881 Gustave Trouvé ya tuƙa wani keke mai ƙafa uku da lantarki a birnin Faris. Masana ba su yi ittifaƙi a kan wanda ya fara ba, domin an yi gwaje-gwaje da dama a Turai da Amurka tun wajajen 1830. Abin da ya tabbata shi ne motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya ta lantarki ce, ita ce wadda Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya tuƙa a 1899. A wajajen 1900 ana ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin uku na motocin Amurka na lantarki ne. Mutanen birni sun fi son su saboda ba hayaƙi, ba ƙara, kuma ba sai an waina injin da hannu kafin ya tashi ba, aikin da kan karya wa mutum hannu.

Abu uku suka kayar da ita. Ford ya fito da Model T a 1908, ya yi ta rage mata farashi har talaka ya iya saye. A 1912 Cadillac ta sanya sitata ta lantarki da Charles Kettering ya ƙera, aka daina wainawa. Sannan fetur ya yi arha, hanyoyi suka miƙe zuwa ƙauyukan da wuta ba ta kai ba. Zuwa shekarun 1930 sai ɗaiɗaiku. Tsadar mai ta 1973 ta ɗan farfaɗo da zancen, amma batirin dalma yana da nauyi kuma ba ya kai mota nesa. Sai da kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991 aka sami abin da zai ɗauki wuta mai yawa ba tare da nauyin ya yi yawa ba.

Fafutuka

Ƙungiyar masu sha'awar motar lantarki da ta fi daɗewa a Amurka, Electric Auto Association, an kafa ta a Kalifoniya a 1967, kuma yawancin 'ya'yanta na farko mutane ne da ke cire injin tsohuwar mota su sa batir a garejin gidansu. Fafutukar ta zama ta siyasa a 1990, lokacin da hukumar kula da iska ta Kalifoniya ta wajabta wa manyan kamfanoni cewa kashi 2 cikin ɗari na motocin da za su sayar a jihar daga 1998 su zama marasa hayaƙi, ya kai kashi 10 a 2003. General Motors ta ƙera motar lantarki mai suna EV1 daga 1996 zuwa 1999, guda 1,117, ba ta sayar wa kowa ba, haya kawai ta bayar. Da kamfanoni suka matsa aka sassauta dokar, sai General Motors ta karɓe motocin ta murƙushe mafi yawansu. Masu hayar sun roƙi a sayar musu, wasu sun yi makonni suna zaman dirshan a ƙofar wurin ajiyar kamfanin a Burbank a 2005. Ba su yi nasara ba, amma daga cikinsu ne ƙungiyar Plug In America ta fito, wadda tare da wasu ƙungiyoyi ta fara ranar baje kolin motocin caji a 2011. Salonsu kuwa bai sauya ba har yau: a kawo motar fili, a ba mutum makulli ya zaga da ita.

Labarin Norwe ya fi ban sha'awa. A 1989 Frederic Hauge na ƙungiyar kare muhalli ta Bellona da mawaƙi Morten Harket suka shigo da wata Fiat Panda da aka mayar ta lantarki. Suka riƙa wuce shingen karɓar kuɗin hanya na Oslo ba su biya, aka ci su tara suka ƙi biya, aka ƙwace motar aka yi gwanjonta, ta sake dawowa hannunsu, aka maimaita. A hankali gwamnati ta cire wa motar lantarki harajin shigowa a 1990, kuɗin hanya a wajajen 1997, harajin VAT a 2001. A 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a ƙasar na lantarki ne zalla.

Motocin zamani sun fara shiga kasuwa da Tesla Roadster da BYD F3DM a 2008, sai Nissan Leaf da Chevrolet Volt a Disamba 2010. Hukumar makamashi ta duniya ta ce an sayar da motocin caji sama da miliyan 17 a 2024, fiye da ɗaya cikin biyar na sababbin motoci, kuma sama da miliyan 11 daga ciki a ƙasar Sin. A Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a farkon 2024, Ruwanda kuma ta daina yi wa sababbin baburan haya na fetur rajista a Kigali daga Janairu 2025.

A Najeriya

Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ne ya zana fasalin samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, daga 2017 zuwa 2023, kuma a zamaninsa hukumar ta buɗe tashoshin caji masu amfani da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Legas a 2021, daga baya a Nsukka. Hyundai Kona mai batir kilowat-awa 64, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, an ƙaddamar da ita a ƙarshen 2020. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna da cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir da faifan sola, kuma gwamnatin Borno ta sa tasi masu caji a titi a Disamba 2023.

Ta fuskar doka, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin Sanata Ben Murray-Bruce na daina amfani da motocin fetur zuwa 2035 a shekarar 2019. Najeriya ta yi alkawarin kawar da hayaƙin da take ƙarawa sararin sama zuwa 2060, a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021. A 2024 an cire wa motocin lantarki harajin VAT. Amma abin da ya sa talaka ya fara sauraron zancen shi ne cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Gwamnatin tarayya ta fi karkata ga mayar da motoci masu amfani da iskar gas.

A Zariya

Tafiyar cikin Zariya gajeriya ce. Daga Samaru zuwa PZ kilomita goma da ɗoriya ne, kuma Kwangila, Tudun Wada, Kongo da Ƙofar Doka duk suna kusa da juna, don haka cajin dare ɗaya ya ishi ƙaramar mota kwanaki. Kaduna tana nisan kusan kilomita 80, Kano kusan 150. Mota mai babban batir za ta je Kaduna ta dawo, amma Kano sai an tabbatar da inda za a jona a can. Garin yana da masu ilimin abin: tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke hanyar Basawa, wadda aka kafa a 1986.

Cikas ɗin wuta ne. Kaduna Electric ke raba ta, kuma layin rukunin A, wato na masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, shi ne kaɗai aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. A Oktoba 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Shi ya sa lissafin ya fi dacewa da ɗan acaba da mai keke Napep fiye da mai motar gida: suna kashe kuɗin mai kullum, batirinsu ƙarami ne, ana iya cire shi a musanya da cikakke cikin mintuna.

Caji

Yunit ɗaya na mitar kati shi ne kilowat-awa ɗaya. Ƙaramar mota tana cin yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100. A farashin rukunin A na Afrilu 2024, naira 225, yunit 18 ya kama naira 4,050, alhali mota mai shan lita 8 za ta ci 8,000 in lita tana 1,000.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Soket mai ƙafa uku an rubuta masa amfiya 13, amma caja ta tafi-da-gidanka a kan saita ta a 10, wato kilowat 2.3, domin za ta yi awoyi tana ja ba hutawa. Da wannan, batir mai yunit 64 zai ɗauki wajen awa 30 daga ƙasa. Cajar bango mai amfiya 32 tana ba da kilowat 7.4, ta cika shi cikin awa 9 zuwa 10, amma tana buƙatar layinta daban tun daga akwatin rabon wuta, waya mai kaurin murabba'in milimita 6 ko fiye in nisan ya yi yawa, bireka ta kanta, da na'urar da ke katse wuta in ta zurare. Caja mai sauri ta tasha, daga kilowat 50 zuwa sama, tana kai batir kashi 80 cikin minti 30 zuwa awa ɗaya.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Jona mota a wayar ƙari ta kasuwa yana narkar da soket, domin ƙarfen cikinta siriri ne. Gidan da ba a kafa masa sandar tagulla a ƙasa ba, caja za ta nuna jar fitila ta ƙi aiki. Haka take yi a kan janareta da yawa. In wuta ta zo ƙasa-ƙasa saboda taransifoma ta yi lodi, motar kan yanke cajin da kanta. Janaretar fetur kuwa asara ce: lita ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce yunit 2 ba, ke nan lita 9 a kilomita 100, an ma fi motar fetur shan mai. Faifan sola mai wat 550 yana ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a yini, don haka mai tafiyar kilomita 40 a rana yana buƙatar kamar huɗu, a riƙa goge su lokacin hunturu saboda ƙura.

Bakin caja ma ba iri ɗaya ba ne. Motar da ta fito daga Amurka tana zuwa da Type 1, CCS1 ko NACS na Tesla, ta Turai da Type 2 ko CCS2, ta Sin da GB/T, tsohuwar Leaf kuma da CHAdeMO. A duba wannan kafin a biya kuɗi.

Batir

Zafi shi ne babban maƙiyinsa, kuma bazarar Zariya kan kusanci digiri 40. Motar da ke sanyaya batirinta da ruwa ta fi jurewa. Leaf ta farko ba ta da wannan, kuma a jihar Arizona mai zafi an ga batirinta ya yi saurin raguwa. Batirin litiyam nau'in NMC, mai ɗauke da nikel, manganis da kobalt, an fi so a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80, na LFP kuwa, mai ɗauke da ƙarfe da fosfat, ana cika shi lokaci-lokaci don ma'aunin ya daidaita. A keke Napep, batirin dalma yana ɗaukar caji 300 zuwa 500 kafin ya gaji, na LFP ya haura 2,000. Arhar na farko ta ranar saye ce kawai. Batir mai bolt 72 da amfiya-awa 100 yana riƙe yunit 7.2.

Mai sayen ta hannu ya nemi a jona na'urar bincike a karanta lafiyar batir, kada ya dogara da kilomitar da allo ke nunawa. Sau da yawa in mota ta ƙi tashi, ƙaramin batirinta mai bolt 12 ne ya mutu. Wayoyin wuta na motar masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wajen bolt 400. Bakaniken da bai sami horo ba kada ya taɓa su.

Taƙaddama

Masu suka suna kawo batun haƙar kobalt a Kwango da ta litiyam, wadda ta shigo Nasarawa da wasu jihohin Arewa, da makomar tsofaffin batura, da ayyukan kanikawa da masu gidajen mai. Masu goyon baya suna amsawa da cewa yawancin binciken da ya auna rayuwar mota gaba ɗaya ya nuna hayaƙinta bai kai na ta fetur ba, ko da wutar daga iskar gas ta fito, kuma batirin LFP ba ya ɗauke da kobalt. A Najeriya muhawarar ta fi tsayawa a kan gas ko lantarki, da kuma shigo da motocin ko harhaɗa su a gida.