Laƙabi ga umarnin Git: tambayoyin masu koyo a Sakkwato

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masu rubuta manhaja a cikin garin Sakkwato sukan kama manufar Git da wuri: kundi ne da ke riƙe kowane sauyi da aka yi wa fayil, a koma baya in an so. Inda ake cijewa shi ne sunayen umarninsa.

Me ya sa sunayen ba sa zama a kai? Ƙarancin Turanci ne?

A'a, Turawan ma kuka suke yi. Linus Torvalds ya rubuta Git a watan Afrilun 2005 cikin gaggawa, domin masu aikin Linux da suka rasa BitKeeper, manhajar da ke yi musu irin wannan aiki a da, kuma sunaye da yawa suna bayyana abin da ke faruwa a cikin injin ne, ba nufin mai aiki ba. Dubi wurin da ake tara sauye-sauye kafin a rufe su, kamar kayan da aka jera a zaure kafin a ɗaure buhu. Suna uku gare shi: index, cache da stage. Da `git add` ake sa kaya a ciki, amma da `git diff --cached` ko `git diff --staged` ake duba su. Wanda ya taso da Subversion ko Mercurial, wasu manhajoji masu aiki irin na Git, kuma sai ya ƙara rikicewa, domin a can `revert` mayar da fayil ne yadda yake, a Git kuwa sabon `commit` (ajiyar sauye-sauye a kundin) yake ƙirƙira wanda ke warware na baya.

Masu Git ba su gyara komai ba?

Sun taɓa. `git checkout` ya daɗe yana aiki biyu da ba su haɗa hanya ba: sauya reshe (branch, wato layin aiki da aka ware daban), da goge gyaran da aka yi wa fayil. A siga ta 2.23, cikin Agustan 2019, aka raba shi: `git switch` don reshe, `git restore` don fayil. Tsohon yana nan daram, saboda tulin rubutun sarrafa aiki da aka gina a kansa. Buga `git --version`; in taka ta kai 2.23, ka koyi sababbin biyu ka bar `checkout` don karanta tsofaffin darussa kawai.

Yaya zan raɗa wa umarni sunan Hausa?

Git yana karɓar laƙabi (alias). Layi ɗaya ne ga kowane suna:

`git config --global alias.hali "status -sb"`

`git config --global alias.tarihi "log --oneline --graph -20"`

`git config --global alias.tura "push -u origin HEAD"`

`git config --global alias.janye "reset --soft HEAD~1"`

Daga nan `git hali` zai nuna reshen da kake da fayilolin da suka sauya, `git tarihi` ya zayyano ajiya 20 na ƙarshe. Kalmar `--global` tana rubuta laƙabin a fayil ɗin `.gitconfig` na babban folda ɗinka, don haka zai yi aiki a duk ayyukan da ke kwamfutar. In ka cire ta, aikin da kake ciki kaɗai zai sani.

Lura cewa `HEAD~1` aka rubuta, wato ajiyar da ke kafin wadda kake kai, ba `HEAD^` ba. Ma'anarsu ɗaya a nan, amma tagar umarni ta cmd a Windows tana cinye alamar ^ in ba cikin alamar zance take ba, sai umarnin ya lalace.

Wane irin suna ne ke zaunawa?

Wanda ya faɗi abin da zai samu aikinka. `janye` ya fi `rs1` domin bayan wata uku ba za ka tuna ko `rs` ɗin `reset` ne ko `restore` ba, alhali kowa ya san janyewa: ajiyar ƙarshe ta warware, gyaranka yana nan a zaure. Haka `tura` yake tuna wa mai koyo abin da aka fi mantawa, cewa `commit` a kwamfutarka kaɗai yake ajiya, ba ya buƙatar data, kuma GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, ba ta ga komai ba sai an tura.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Gajeren suna na umarnin da ba ya ɓarna ne. `reset --hard`, `clean -fd` da `push --force` a bar su da tsawonsu, yatsa ya sha wahala kafin ya ƙarasa, ko hankali ya dawo a hanya. In dole ne a yi laƙabi, a sa mai firgitarwa irin `goge-duka`. Dalili: ajiyar da aka janye ana iya nemo ta da `git reflog`, wanda bisa tsarinsa na asali yake riƙe irin waɗannan na kwana 30, amma gyaran da ba a taɓa yi wa `add` ko `commit` ba, in `restore` ko `reset --hard` ya share shi, ya tafi ke nan. Shi ma `janye` kada a yi shi kan abin da aka riga aka tura wa abokan aiki. Can `git revert` ne magani.

Na rubuta laƙabi amma bai yi aiki ba. Ina matsalar?

Duba uku. Na farko, haruffa masu lanƙwasa: sunan da ke bayan `alias.` haruffan Turanci, lambobi da karan ɗori kawai yake ɗauka, don haka `ɗauko` zai jawo ƙorafin "invalid key", rubuta `dauko`. Na biyu, ba a ƙwace sunan umarnin asali. In ka yi laƙabi mai suna `status` ko `push`, Git zai yi biris da shi ba tare da ya ce uffan ba. Na uku, haɗa umarni biyu yana buƙatar alamar ! a farko, wadda ke miƙa layin ga shell, manhajar da ke gudanar da umarni kamar Bash:

`git config --global alias.duba '!git fetch && git status -sb'`

A Bash a yi amfani da alamar zance mai ƙwaya ɗaya kamar yadda aka nuna, domin cikin mai ƙwaya biyu Bash yakan fassara ! da kansa. Kuma irin wannan laƙabin daga tushen aikin yake gudana, ba daga ƙaramin folda ɗin da kake tsaye ba.

Ba zan manta da sunayen asali ba?

Za ka manta in ka sake, kuma ranar da ka zauna kan kwamfutar ɗakin gwaji ko sabar wani kamfani, `git janye` ba zai amsa ba. Laƙabi ba ya bin aiki zuwa GitHub. A kwamfutarka yake kwana. Saboda haka kada ya shiga takardar bayanin aiki ko rubutun da wasu za su gudanar. Ko tsakanin Hausawa ba a rasa saɓani: Basakkwace zai rubuta `hita`, abokin aikinsa Bakano ya buga `fita`, Git ya ce bai san ɗaya ba. `git help janye` yana nuna ainihin umarnin da ke ƙarƙashin laƙabi, `git config --get-regexp alias` ya jero su duka, `git config --global --unset alias.janye` kuma ya cire wanda ka gaji da shi.